Ranar da Wuƙaƙen Talmarai Suka Ƙi Yanka

Tsofaffin Talmarai suna da wani labari da ba sa bayarwa sai sun rage murya, don har gobe akwai jikokin waɗanda abin ya faru a kansu. Labarin ranar da duk wani ƙarfe mai kaifi a garin ya ƙi yanka ne.

Garin ɓangare biyu ne, Tudu da Gangare. Da sarkinsu ya rasu bai bar ɗa ba, sai suka shekara bakwai suna gwabza yaƙi a kan gadon sarauta. Jarmai Tankari ke jan mutanen Tudu, Galadima Barmo ke jan na Gangare. Da kowa ya gaji da binne nasa, suka zauna sulhu. Aka amince Tudu ta yi mulki daga shuka zuwa girbi, Gangare ta karɓa daga girbi zuwa shuka. Aka raba sarautu biyu, aka raba kasuwa da rijiyoyi. Har filin da ke tsakaninsu, inda unguwar Tsakatsaki take kafin a ƙone ta, aka ja masa igiya aka raba.

Mutanen Tsakatsaki makiyaya ne da maginan tukwane. Ko sanda ba su ɗauka ba a yaƙin, laifinsu kawai gidajensu suna kan hanyar mayaƙa. Na Tudu ya taso ya bi ta kansu, na Gangare ya taso ya bi ta kansu. 'Yan tsirarun da suka rage suna zaune a bukkoki bayan ganuwa, ƙarƙashin wata tsohuwa mai suna Gwamma, kuma babu wanda ya tuna ya kira su zaman sulhun.

To, a al'adar garin sulhu ba ya ɗauruwa da baki kawai. Sai an kawo sa, mai shi ya dafa tozonsa a gaban jama'a ya ce ya bayar, a yanka, a kasa naman, kowane ɓangare ya ci. Da aka zo maganar wa zai ba da san, Sallau Sarkin Pawa ya miƙe ya ce shi ya ɗauki wannan nauyi. Aka yi ta sa masa albarka. Dama shi kaɗai ne mutumin da Tudu da Gangare suka yarda da shi, don in ya kasa nama ba mai cewa an cuce shi. Har cewa ake hannunsa ya fi sikeli gaskiya.

Abin da ba a faɗa shi ne yadda tumbin Sallau ya ninka a shekarun da kowa ke ramewa. Mayaƙan ɓangarorin biyu sukan koro shanun Tsakatsaki su shigo masa da su ta ƙofar baya, shi kuma bai taɓa tambayar na wa ba ne. Ya yanka ya ciyar da Tudu, ya yanka ya ciyar da Gangare. Wani ɗan maraƙi baƙi ne kawai ya bari, don kyansa ya hana shi sa masa wuƙa. Maraƙin yana da farin tabo kamar tauraro a goshi, kuma duk garin an san na garken Gwamma ne. Sai Sallau ya riƙa kwaɓa baƙin tukunya da man kaɗe yana shafe tabon duk mako, har maraƙi ya zama bajimi. Shi ne ya jawo fili ranar sulhu, yana tafe yana amsa gaisuwa.

Da hantsi aka cika ƙofar fada. Sallau ya dafa tozon san, ya ɗaga murya ya ce, "Nawa ne, na bayar." Aka kayar da sa, ya yi bisimilla ya ɗora wuƙa. Wuƙa ta zame a wuyan san kamar muciya. Ya karɓi wata, haka. Jarmai ya zare takobinsa ya miƙa masa, takobin da ya ci mutum fiye da hamsin, amma ko gashi ɗaya bai tsinke ba. Kafin a gama mamakin wannan sai ga wanzami a guje, ya ce askarsa ta tsaya a tsakiyar kan mutum. Mata suka fito da kuɓewa a hannu suna salati. Manoma suka rugo daga gona suka ce lauje ya ƙi kama gero, ga gero ya nuna, ga tsuntsaye sun fara sauka.

Sallau ya sha jinin jikinsa. Yana cikin tunanin abin da zai ce, sai san ya yunƙura ya tsinke dabaibayi ya miƙe. Igiyar wuyansa kuwa tana naɗe a hannun Sallau. San ya ja shi kiii ta cikin taro, ta bayan masallaci, har tsohuwar marinar da aka daina aiki a cikinta, ya faɗa wani busasshen ramin rini da shi.

Suka yi ta faɗawa har Sallau ya gama duk addu'ar da ya sani ya sake daga farko. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, sai ya ga kansa a wata duniya mai sama shuɗiya kamar sabon rini, rana kuma koriya shar. Gabansa wani fili ne na ciyawa iya ganinsa. Ya taka sau ɗaya, takalminsa ya rabe biyu. Ya sake takawa, jini ya ɓalle a tafin ƙafarsa. Ciyawar ta kaɗa ba tare da iska ba, ta yi magana da murya ɗaya.

"Ya kai ɗan Adam, ba ka gane mu ba? Mu ne kaifin wuƙaƙen garinku. An kira mu, mun taho."

"Wa ya kira ku?" in ji Sallau.

"Wanda ka riƙe wa igiya."

San bai waiwayo ba, ya ci gaba da tafiya. Duk inda ya ɗora kofato, ciyawar sai ta kwanta. Sallau ya gane ba shi da hanya sai ya riƙa sa ƙafa a sawun dabbar da ya zo yankawa. Haka ya bi shi, babban mutum mai rawani yana tsalle-tsalle daga sawu zuwa sawu, har suka fita filin.

Sai ga wani gulbi fari fat, ba ya motsi. A bakinsa wani aljani ne zaune, dogo har kansa ya fi giginya, idonsa guda ɗaya ne a tsakiyar ƙirji. Ya sunkuyo ya dubi Sallau, ya ce, "Maraba da baƙon da bai yi niyyar zuwa ba. Ni ne Mai Fito. Wannan Gulbin Wanki ne, ba a haye shi da jirgi, sai da amsa. Shiga."

Sallau ya shiga, ruwa ya tsaya masa a idon sawu.

"Ya kai mahauci ɗan mahauta, wannan sa na wane ne?"

"Ranka ya daɗe, nawa ne."

Ruwa ya taso har gwiwa.

"Kunnena ya tsufa, ban ji ba. Na wane ne?"

"Nawa ne mana, ni na yi kiwonsa, ni na ba shi dusa da harawa."

Ruwa ya taso har ƙirji. Sanyinsa ya ratsa shi har ƙashi.

"Saura tambaya ɗaya, ya ɗan Adam, kuma ruwan nan bai san rawani ba."

Ko a nan Sallau bai iya faɗar gaskiya duka ba. Ya nemo wata magana mai fuska biyu irin ta 'yan kasuwa, ya ce, "A hannuna ya girma, amma ba a garkena aka haife shi ba."

Mai Fito ya yi dariya har gulbin ya girgiza. "Rabin gaskiya, rabin numfashi. Haye."

Ruwa ya tsaya masa daidai leɓe. Ya kama wutsiyar san, yana shaƙar iska da hanci ɗaya, har suka kai gaci. Da ya fito ya dubi jikinsa, sai ya ƙwalla ƙara. Gulbin ya wanke duk abin da ba nasa ba. Babbar rigarsa ta tafi, rawani ya tafi, tumbin nan da ya tara cikin shekara bakwai ya narke ya bi ruwa, ya bar shi da haƙarƙari a waje da 'yar taguwar da yaƙi ya same shi da ita. San kuwa ya juyo ya dube shi, farin tabon goshinsa yana haske kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Sallau ya sunkuyar da kai, don bai iya haɗa ido da dabba ba.

Suka ratsa wata kasuwa da babu mai saye babu mai sayarwa. Fatun shanu ne rataye a rumfuna, ɗaruruwa. Da Sallau ya wuce, sai suka riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya, su kumbura su tsaya da ƙafafu huɗu, babu kai babu nama, su bi bayansa. Ya san su duka. Ga jar saniyar da aka kawo masa da ciki, ga wadda ta zo masa da karyayyen ƙaho, ga uwar wannan san da yake ja. Ya jira su tattake shi, har ya so su yi hakan ya huta. Amma ba su taɓa shi ba. Duk sanda ya waiwaya sai su durƙusa cikin ladabi su ce, "Sannu da aiki, Sarkin Pawa." Wallahi da duka suka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Da wannan rakiya ya isa wani birni da aka gina tsakanin ƙahonni biyu na dutse, kowane ƙaho ya kai tsawon tafiyar yini. Ƙofa ta buɗe da kanta. Aka wuce da shi zaure bayan zaure har gaban wata tsohuwar aljana da ke zaune a kan buzu, gashinta fari ya malale ya rufe daɓen ɗakin. Fadawanta masu kawunan ungulu suka yi gyaran murya suka ce, "Faɗi ka yi gaisuwa, ga Uwar Alkawari, wadda ta shaida kafuwar garinku."

Sallau ya zube. "Allah ya ja zamaninki, ya shugabar waɗanda ba a gani. Bawan Allah ne ni, mai rauni, igiya ce ta jawo ni."

"Mun san igiyar da ta jawo ka," in ji ta. "Kakanninku sun roƙe mu mu zama shaidu a kan duk wani sulhu da za a ɗaura a Talmarai, muka amsa da izinin Wanda ya halicce mu ya halicce ku. Ba mu ci, ba mu sha, kallo kawai muke yi. An ce hannunka ya fi sikeli gaskiya. Muna so mu gani."

Ta tafa hannu, aka shimfiɗa tabarma, aka zube wani tulin nama mai ƙyalli kamar garwashi. Aka miƙa masa wuƙa mai kaifi.

"Wannan mulkin Talmarai ne, ya mahauci. Ƙasarsa da ruwansa da maganarsa. Kasa shi."

Da wuƙa ta shiga hannunsa sai ya ji ransa ya dawo, don wannan aikinsa ne tun yana ɗan shekara goma. Ya ware tsoka, ya ware ƙashi, ya raba hanta, ya raba kitse, ya yi kashi biyu waɗanda ko ƙuda ya sauka a kan ɗaya sai ya rinjaya. Ya ja da baya yana jiran yabo. Sai kashin nan biyu suka motsa, suka fito da haƙora, suka afka wa juna da cizo har suka koma tuli ɗaya.

"Sake," in ji Uwar Alkawari.

Ya sake, ya ƙara kulawa, har jijiya ya tsaga biyu. Suka sake cinye juna.

"Kashi nawa ka yi, ya ɗan Adam?"

"Biyu, ranki ya daɗe."

"Don me biyu?"

"Haka muke yi a sana'armu. Mahauci yakan ƙirga waɗanda ke zaune a bakin tabarma, ya kasa daidai da su. Su biyu na tarar a zaune."

"Madalla da sana'a. Ɓangare nawa suka yi yaƙi?"

"Biyu."

"Ɓangare nawa aka yaƙa?"

Sallau ya ajiye wuƙar. A bayansa ya ji fatun shanun nan suna numfashi.

"Ba mu tsammaci amsa ba," in ji ta. "Kun zauna kun raba gari tsakanin masu takobi, kuka manta da waɗanda aka sara. Wannan laifin garinku ne duka. Naka kuwa daban. Ka ɗauki san matar da kuka kora bayan ganuwa, ka shafa masa baƙin tukunya, ka dafa tozonsa a gaban jama'a ka ce naka ne. Kana so a ɗaure zaman lafiya da kayan sata, mu kuma mu sa hannu."

Kunya ta lulluɓe Sallau har ya ji dama ƙasar nan ta sake tsagewa ya ƙara faɗawa. Ya ce, "Na yi laifi, ranki ya daɗe. Amma gero na tsaye a gona, yara ba su san komai ba. A ji tausayinsu."

"Za a ji. Hanya biyu ce, zaɓi naka ne. Ta farko, ka koma ka faɗa da bakinka a gaban waɗanda suka sa maka albarka, mai san ta dafa tozonsa in ta ga dama. Ta biyu, ga wannan." Ta zaro wani ɗan baƙin dutse daga cikin gashinta. "Ka goga wuƙarka a kansa sau ɗaya, duk ƙarfen garinku zai dawo da kaifinsa. Tabon san zai ɓace, ba mai sanin komai, ka mutu da sunanka mai kyau. Sai dai mu ba shaidu ba ne a kan wannan sulhu. Zai kai shekara bakwai, sannan ya kwance."

Na so a ce Sallau ya ture dutsen nan. Bai ture ba. Ya yi lissafin shekarunsa, ya ga da wuya ya ƙara bakwai a duniya. Ya tuna yadda ake miƙewa in ya shigo taro. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, kansa a ƙasa. Uwar Alkawari ta nuna masa wata ƙofa da haɓa, ya ja sansa ya fita.

Ƙofar ta fito da shi ta cikin wani suri a bayan ganuwar Talmarai, da la'asar sakaliya. Sama ta yi baƙi da tsuntsaye a kan gonaki, mutane na ta kaɗa gwangwani suna ihu. Ya nufi ƙofar gari, amma san ya turje, ya fizge shi zuwa wajen bukkoki. Tsohuwa Gwamma na zaune tana murza yumɓu. Ta ɗaga kai, yumɓun ya faɗi daga hannunta.

"Tauraro," ta ce a hankali.

Ƙaton bajimin nan ya durƙusa ya ɗora kansa a cinyarta. Ta daɗe tana shafa goshinsa, sannan ta dubi ramammen mutumin da ke riƙe da igiya.

"Sarkin Pawa, kai ne ka koma haka? Kwana uku ana nemanka. Zauna ka sha ruwa."

Ta miƙo masa a wata fasasshiyar moɗa. Ya karɓa ya ajiye. Ya ce, "Inna, kin san...?"

"Tun yaushe. Ranar da aka kore shanunmu ina ɓoye a ramin yumɓu, na ga ƙofar da suka shiga. Kuma duk sanda ka kai shi rafi nakan leƙa ta kan ganuwa. Tafiyar uwarsa gare shi, baƙin tukunya ba ya ɓoye tafiya."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Jarmai ko Galadima? Ai tare suka ci." Ta ɗaga kan san daga cinyarta. "Tashi ka tafi da shi, ka ji. In jininsa zai sa a daina kashe 'ya'yan mutane, a yanka. Ba zan ce uffan ba. Abu ɗaya nake roƙo. In za ka kayar da shi, ka sosa masa nan ƙarƙashin wuya tukuna, tun yana ƙarami haka yake so. Kada ya tafi a tsorace."

Sallau ya tashi ya ja san. Dutsen nan a aljihunsa ya yi masa nauyi kamar ya ɗauko turmi.

Da ya shiga gari aka ɗauki guɗa. Aka yi ta mamakin ramarsa, ana cewa dubi yadda bawan Allah ya wahala saboda mu. Kafin ya kai ƙofar fada fili ya cika. Tsabar murna ba wanda ya kula da goshin san. Jarmai da Galadima suka tare shi, kowa na so ya riga ɗan'uwansa rungumarsa.

"Sarkin Pawa, ka samo magani?" in ji Galadima.

"Na samo, ranka ya daɗe."

Ya fito da dutsen, ya zare wuƙa. Ya matsa kusa da san don a kayar da shi, sai ya ga hannunsa na hagu ya tafi da kansa ƙarƙashin wuyan dabbar yana sosawa. San ya lumshe ido ya jingina da shi. Nan Sallau ya ji ba zai iya ba. Ya saki dutsen, dutsen ya nutse cikin ƙasa kamar an jefa shi a ruwa.

"Jama'a," ya ce. Ya sake cewa, "Jama'a, ku dubi goshin san nan. Ba nawa ba ne. Na Inna Gwamma ne ta Tsakatsaki. Ƙarya na yi muku ranar nan. Shanunsu duka ta hannuna suka bi, ni na yanka, ni na ɓoye wannan da baƙin tukunya."

Jarmai ya matso ya kama hannunsa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai Sarkin Pawa, rufa mana asiri. Wa ya tambaye ka?"

"Ba wanda ya tambaye ni, ranka ya daɗe. Ni ma ban tambaye ku ba lokacin da yaranku ke koro su. Abin da ya kawo mu nan ke nan."

Ba wanda ya jefe shi, ba wanda ya zage shi. Ta yaya za su yi, alhali babu gidan da bai ɗora tukunya da naman nan ba? Kowa ya kama kallon ƙafarsa. Sallau ya faɗa musu abin da ya gani da abin da aka ce masa, har dutsen da ya karɓa bai ɓoye ba. Galadima ya fara cewa ai an riga an gama rabo, malamai sun rubuta, ba a warware abin da aka ƙulla. Wata mata daga cikin taro ta ce masa to ya je ya yanke gero da takardar. Aka ce a aika a kira Gwamma. Sallau ya ce ba kiranta za a yi ba, zuwa za a yi.

Haka garin Talmarai ya fita ta ƙofar da ya kori mutane, manya a gaba, suka tsaya cirko-cirko a gaban bukkokin da ko awakinsu ba za su kwana a ciki ba. Jarmai da Galadima suka tuɓe takalma suka tsuguna. Gwamma ta saurare su har suka gama kame-kamensu.

"Ni ba na son gadon sarautarku," ta ce. "Ku yi ta karɓa-karɓarku. Amma a cire igiyar da aka ja a kan kushewar 'ya'yanmu, mu koma unguwarmu. Rijiyarmu tamu ce. Kuma daga yau duk abin da za a yanke a garin nan, na shuka ne ko na girbi, a shimfiɗa buzu uku. In namu babu kowa a kai, ba a yi zama ba."

Suka dubi juna, suka dubi tsuntsayen da ke kan gonaki, suka ce sun yarda. Liman ya sa suka maimaita sau uku a gaban jama'a. Sannan Gwamma ta tashi da ƙyar, ta dafa tozon san.

"Nawa ne," ta ce. "Na bayar."

Sallau ya yi bisimilla, wuƙa ta shiga. Daga gonaki aka ji ihun manoma, lauje ya kama. Ya feɗe, ya kasa kashi uku, bai kuskure ba. Tudu ta ɗauka, Gangare ta ɗauka, Tsakatsaki ta ɗauka. Ya goge wuƙarsa a ciyawa, ya juya zai sulale ta bayan mutane.

"Sarkin Pawa," Gwamma ta kira shi.

Ya tsaya. A ƙa'idar mahauta, wuyan dabba rabon wanda ya yi aiki ne, shi kuwa ya bar shi a kan tabarma da gangan. Tsohuwar ta ɗauko shi da hannu biyu, ta ratso taro tana ɗingishi har gabansa.

"Ka manta naka," ta ce. "Karɓi, ka kai wa iyalinka. Wannan karon mai shi ce ta ba ka."

Duk garin na kallo. Sallau ya yi ƙoƙarin ɗaga hannuwansa, suka ƙi tashi. Ita kuma ta ci gaba da tsayuwa tana miƙa masa.